Janar Leclerc: Kura da Shan Bugu, Gardi da Karɓar Kuɗi

Masu iya magana sun ce yabon gwani ya zama dole. To, amma kafin maroƙi ya ɗaga murya, ya kamata ya bincika ya ga ko da wani a gindin jinkar da ake yabon mutum ɗaya da ɗauka. Wannan shi ya sa na ga ya dace in gabatar wa malamaina da 'yan'uwana ɗalibai ɗan ra'ayina game da Janar Leclerc, ɗaya daga cikin mashahuran mayaƙan Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu.

Sunansa na yanka Philippe de Hauteclocque, an kuwa haife shi a 1902, ya yi karatun soja a makarantar Saint-Cyr. Sa'ad da Jamus ta ci Faransa a 1940, sau biyu yana faɗawa hannun abokan gaba yana kuɓucewa, har ya isa Landan wajen Janar de Gaulle. A nan ne ya ari sunan Leclerc don kada a cuci iyalinsa da ya baro gida. A watan Agusta na wannan shekara ya shiga Duwala cikin kwalekwale da 'yan mutane kaɗan, ya jawo Kamaru ta bi bayan de Gaulle, a daidai lokacin da Gwamna Félix Éboué ya yi haka a Cadi.

Daga Fallomi, wato Njamena ta yau, ya shirya yaƙin da ya fito da sunansa. Da mutane kimanin 400, waɗanda mafi yawansu baƙar fata ne 'yan Afirka, da tsofaffin motoci da igwa guda, ya keta hamada ya ƙwace Kufra ta Libiya daga hannun Italiya ranar 1 ga Maris 1941. Kashegari suka yi rantsuwa ba za su ajiye makamai ba sai tutar Faransa ta tashi a kan majami'ar Strasbourg. Bayan haka ya ci Fazzan, ya haɗu da rundunar Ingila a Turabulus a Janairun 1943. Ya shiga Paris a Agustan 1944, ya kuma cika alkawarin Strasbourg ranar 23 ga Nuwamba. Ko maƙiyinsa ba zai ƙi shaidar jaruntakarsa ba.

Sai dai ga inda gizo yake saƙa. A 1943, da aka zo kafa rundunar tankokin yaƙi ta biyu a Maroko da kayan Amurka, sai aka tsame baƙaƙen sojojin nan aka musanya su da wasu, domin kuwa a zamanin sojan Amurka ba ya gama baƙi da fari a runduna ɗaya. Ke nan waɗanda suka sha rana da ƙishirwa a hanyar Kufra, ba su ne suka sha tafi a titunan Paris ba. An yi rantsuwa da bakinsu, an cika ta ba tare da su ba.

Wani zai ce ai laifin ba na Leclerc ba ne, tun da mai ba da tanki shi ke da sharaɗi. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, kuma ban ce shi ya ƙirƙiro wannan tsari ba. Amma fa shugaba da ya karɓi lambar nasara, wajibi ne ya karɓi rabonsa na abin da aka yi wa mabiyansa. Ban da haka, shi ne aka aika Indocina a 1945 don maido da mulkin mallakar Faransa, ko da yake ya gane da wuri cewa bindiga kaɗai ba za ta magance al'amarin ba, ya goyi bayan sasantawa da Ho Chi Minh a 1946. Mai neman 'yancin ƙasarsa ya zama mai tsare igiyar da ta ɗaure wasu.

Leclerc ya rasu a haɗarin jirgin sama kusa da Colomb-Béchar ta Aljeriya ranar 28 ga Nuwamba 1947, aka ba shi muƙamin Mashal a 1952. Tituna da yawa a Faransa suna ɗauke da sunansa. Ina sunayen mutanen Kufra?

A nawa ɗan tunani, aikin namu ne. Mu da muke nazarin harshe da adabin baka mun fi kowa sanin cewa abin da takarda ta manta, yakan saura a bakin jikoki da waƙoƙin barikin soja. Mu shiga Cadi da Nijar da Kamaru mu tattaro shi, mu rubuta da harshenmu. In ba haka ba, kura za ta ci gaba da shan bugu, gardi yana karɓe kuɗi. Allah ya sa mu dace, amin.