Rigakafin Yara: A Fara Daga Zaure

Binciken lafiya na ƙasa da aka gudanar a 2018 ya nuna cewa kashi 31 cikin 100 kacal na yaran Nijeriya 'yan wata 12 zuwa 23 ne suka sami cikakkun alluran rigakafi. Ya kuma nuna 'ya'yan matan da suka yi makaranta sun yi wa sauran fintinkau. Daga nan wasu suka yanke hukuncin cewa jahilcin iyaye mata shi ne matsalar. A ganinmu an ɗora laifi inda bai dace ba.

A gidaje da yawa uwa ba ta da ta cewa. Ba ta fita sai da iznin mai gida, kuɗin mota kuwa yana aljihunsa. In ɗan fari ne, kara takan sa ta bar wa uwar miji ragamar al'amarinsa. Ita wannan kaka, ranar da jikanta ya kwana da zazzaɓi bayan allura, magana ta ƙare, domin babu wanda ya gaya mata cewa zazzaɓin yakan wuce cikin kwana ɗaya ko biyu. Ta haka ake fara allura a watsar, ba a kai ga ta ƙyanda a wata 9 ba, balle ta wata 15. Amma duk da haka jawaban malaman asibiti ga uwa kaɗai ake yin su, a shamagani, inda mai izni ba ya nan.

Gidaje kuma ba su da mantuwa. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, yara 11 daga cikin waɗanda aka sa a gwajin suka rasu. Ba allurar rigakafi ba ce, amma wa ya tsaya bambancewa? A 2003 aka dakatar da ɗigon shan inna a Kano, ba a koma ba sai 2004. Magidantan yau suna yara suka ji waɗannan labarai a zaure.

Abin da ya karya wancan zargi shi ne shigowar Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar da sauran sarakuna a 2009, inda dagatai da masu unguwanni da limamai suka tunkari magidanta ido da ido. A 2020 aka tabbatar an kawar da ƙwayar shan inna ta asali daga Afirka. Sai dai mashaƙon da ya addabi Kano a 2023 ya tona cewa alluran yau da kullum an bar su a baya.

Muna kira ga hukumomin lafiya na jihohi da su koma kan wannan hanya. A sa ungozoma da wanzami su riƙa kai rahoton haihuwa ga mai unguwa. A miƙa katin allura hannun uba ranar suna, gaban liman, sa'an nan ma'aikaciya ta shiga ciki ta yi wa kaka bayani.