Wanda bai iya tsayar da manhaja ba, bai gama koyon rubuta ta ba

Jigawa ba baƙuwa ba ce a harkar koyar da kwamfuta. Tun zamanin Gwamna Saminu Turaki aka kafa cibiyar fasahar sadarwa a Kazaure, Jami'ar Tarayya ta Dutse ta zo a 2011, sannan a ƙarshen 2023 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT da burin horar da mutum miliyan uku. Yau matashi a Unguwar Ya yana iya koyon Python a wayarsa ba tare da ya taka tashar motar Birnin Kudu ba. Sai dai akwai giɓin da masu kwas na 'yan makonni suka saba tsallakewa. Suna koya wa ɗalibi rubuta manhaja, su miƙa masa satifiket, alhali bai taɓa tsayar da ita a tsakiyar aiki ya leƙa cikinta ba. Wannan kamar yaye direba ne da bai san birki ba.

Dabarar tsayarwar tsohuwa ce. Betty Holberton, ɗaya daga cikin mata shida da suka fara sarrafa kwamfutar ENIAC a Amurka a shekarun 1940, ita ake dangantawa da ƙirƙiro ta: sai ta zare waya, injin ya tsaya a daidai inda ake zargi, a duba lissafin da ke cikinsa. A Visual Studio Code kuwa, danna F9 kawai ake yi, jan ɗigo ya bayyana a gefen layi. Wannan ɗigo shinge ne, irin na binciken ababan hawa. Da aiki ya iso wurin sai ya tsaya cak, mai rubutu ya ga ƙimar kowane abu a wannan lokaci. F10 na matsawa layi ɗaya, F11 na shiga cikin aikin da aka kira, F5 na sakin hanya. Gani ya kori ji.

Kafa shinge ba wuya. Tafiyar da shingaye shi ne gwanintar. A ɗauka ƙungiyar manoman riɗi a Gwaram tana da mambobi 3,000, manhajarta na lissafa bashin taki, kuma lissafin mutum ɗaya ya fito ba daidai ba. Sabon shiga zai dasa shinge a cikin zagayen da ke bin sunaye ɗaya bayan ɗaya, ya yi ta danna F5 har idonsa ya gaji, ya wuce mai matsalar bai lura ba. Duk direban da ya bi hanya mai shingaye barkatai ya san ƙarshenta: tsayuwa ta yi yawa, bincike ya zama al'ada, mai kayan laifi ya wuce cikin ayari. Wanda ya ƙware zai ɗora wa shingen sharaɗi, ya ce kada a tsaya sai bashin ya sauka ƙasa da sifiri, ko sai an kai zagaye na 2,500. Idan bin sawu kawai yake so, akwai shingen da ke rubuta rahoto ba tare da tsayar da aiki ba. Akwai kuma wanda ke tsayawa da kansa duk inda kuskure ya ɓalle. Wanda ya gama amfani sai a kashe shi daga jeri ko a goge, domin kowane shinge tambaya ce, kuma wanda ba ya ɗauke da tambaya ɓata lokaci ne.

Sakaci a nan yana da farashi. Tun 2018 Python ke da umarnin breakpoint() da ake rubutawa cikin manhajar kanta. Idan aka manta shi aka miƙa aiki, manhajar za ta tsaya a hannun mai ita tana jiran umarnin da ba wanda zai bayar.

Masu kare wannan giɓi suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Brian Kernighan da Rob Pike, a littafinsu na 1999, sun fifita tunani mai zurfi da buga saƙonni a allo a kan bin manhaja taki-taki. Linus Torvalds ma a 2000 ya ƙi amincewa a saka irin wannan kayan bincike a zuciyar Linux. Amma waɗannan mutane sun san kayan aikin ciki da bai kafin su ajiye shi, kuma abin da suke tsoro shi ne dannawa ba tunani. Tsoho mai kiwo yana gane ciwon saniya daga tafiyarta. Yaron da aka ba sanda jiya dole ya buɗe bakinta ya duba. Hana ɗalibi shinge da sunan koyi da Torvalds zalunci ne da aka yi wa ado da sunan manya.

Zuwan ChatGPT a Nuwamba 2022 ya ƙara wa batun nauyi. Rubuta layi ɗari yanzu aikin daƙiƙoƙi ne, saboda haka darajar mai rubutu ta koma kan iya tabbatar da cewa layukan suna yin abin da aka ce. Wanda kuskure ya taso masa ya kwafe shi ya mayar wa na'ura, ta ba shi wani rubutun ya liƙa, ɗan aike ne tsakanin injuna biyu, kuma ba a daɗe ana biyan irinsa.

Wanda ke ganin wannan rigimar 'yan kwamfuta ce kawai ya tuna Mayun 2025, lokacin da shugaban JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito yana hawaye ya amsa cewa tangarɗar fasaha ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997 a Legas da Kudu maso Gabas. A Birtaniya, kurakuran manhajar Horizon sun sa an gurfanar da ɗaruruwan masu kula da ofisoshin gidan waya tsakanin 1999 da 2015 bisa zargin sata, wasu har gidan yari. Jan ɗigo shi kaɗai ba zai hana irin waɗannan ba, amma tarbiyyar da yake dasawa, ta ƙin yarda da allo sai an duba, ita ce aka rasa.

Gyaran ba ya bukatar kasafi, domin kayan aikin kyauta ne. A daina tambayar ɗalibi ya rubuta manhajar lissafi a jarrabawar ƙarshe. A ba shi wadda ta lalace, a ce ya gano kuskuren, ya bayyana dalilin kowane shinge da ya kafa, ya kuma share su kafin ya tashi. Shugaban asibiti ko ƙungiya da zai ɗauki mai rubuta manhaja shi ma ya nemi a yi wannan gwaji a gabansa. Albashin ma'aikata da bashin manoma ba wurin koyon aski ba ne.