A Ɗaure Lissafin Ƙungiya Da Shafukan Majigi

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi kira ga shugabannin ƙungiyoyin manoma da na 'yan kasuwa a kan wani abu da ya kusa raba kanmu a ƙungiyarmu.

Ni manomi ne, da rani kuma ina ɗan taɓa sayar da hatsi a kasuwannin ƙauye. Karatuna bai wuce firamare ba, amma dai na san ƙidayar buhu. Da damina ƙungiyarmu ta ba mu taki bashi, a biya da kaka. Na karɓi buhu 6, na biya kuɗin 4 kafin taron ƙarshen shekara. Ranar taro aka yi hayar majigi, sakatare ya haska sunayenmu a bango, sai ga sunana wai har yanzu kuɗin buhu 6 ake bi na. A gaban jama'a fa, ga surukina a zaune! Na miƙe na ce ban yarda ba, wasu mutum uku su ma suka miƙe. Nan take aka fara raɗe-raɗin ma'aji ya ci kuɗi, bawan Allahn da ko allura ba a taɓa kama shi da ita ba.

Da aka buɗe kwamfutar ma'aji sai ga biyana a rubuce daidai. Ashe sakatare ya kwafi lissafin tun sati uku kafin taro ya manna a shafukan majigi, saboda haka duk wanda ya biya bayan nan bai shiga ba. Ba sata aka yi ba, lissafi ne ya zama biyu, ɗaya yana tafiya ɗaya yana tsaye.

Da na koma gida na ba ɗana labari, shi da ya koyi aikin kwamfuta. Ya ce, "Baba, ai wannan da maganinsa." Ya nuna mini cewa littafin lissafin ma'aji sunansa Excel, shafukan da ake haskawa kuma PowerPoint, duk na kamfanin Microsoft ne na Amurka. Ya ce mannawa iri biyu ce. Akwai wadda take kamar ɗaukar hoto, yadda ka ɗauka haka za ta zauna. Akwai kuma wadda ake ɗaure jadawalin da littafinsa na asali kamar akuya da turke. Idan aka yi ta biyun, duk abin da ma'aji ya canza, in an buɗe shafukan kwamfuta za ta tambaya ko a sabunta, da an amsa sai sabon lissafi ya fito. Na gani da idona, ya mai da 6 ta koma 2 a littafi, ta canza a ɗaya wajen. Gani ya kori ji. Dabarar ma ba sabuwa ba ce, tun shekarun 1990 ake yin ta. Masu amfani da na kamfanin Google su ma suna da irinta, akwai maɓallin da ake dannawa a sabunta, sai dai su da intanet suke aiki.

To amma Edita, kada a ɗauka shi ke nan an huta. Idan aka canza wa littafin suna, ko aka ɗauke shi daga inda yake, ko aka kwashe shafukan kaɗai a filash aka kai wata kwamfutar, igiya ta tsinke, tsohon lissafi ne zai ci gaba da fitowa. Sannan kwamfuta ba ta san gaskiya ba. In ma'aji ya rubuta kuskure, kuskuren za ta haska. Abin da ya fi damuna kuwa shi ne, lissafin da ke canza kansa ba ya zama shaida. In gardama ta tashi bayan wata biyu, wa zai nuna abin da aka haska ranar taro?

Don haka ga shawarata. Na farko, littafi ya zama ɗaya, mai rubutu a ciki ya zama ɗaya. Na biyu, a ɗaure shafukan da shi, a sabunta da safiyar ranar taro a gaban mambobi biyu. Na uku, a sa kwanan wata a jikin jadawali, a buga abin da aka haska a takarda, shugaba da ma'aji su sa hannu a ajiye. Na huɗu, kowa ya riƙe rasit ɗinsa. Da ba don rasit ɗina yana aljihu ba, da ban samu bakin magana ba ranar.

Wasu dattawanmu sun ce a watsar da kwamfutar a koma alli da allo. Ina girmama su, amma ko da alli ne, in ka kwafa yau aka biya gobe, rigimar dai ita ce. Talaka ba shi da jarin da ya wuce mutuncinsa, in aka kira shi maƙi biyan bashi a bainar jama'a, wa zai ƙara ba shi kaya a kasuwa? Rigakafi ya fi magani.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka, amin.

Naku,
Wani manomi kuma ɗan kasuwa,
Jihar Kano.