Umarni Ɗaya, Na'ura Ɗari Biyu

A ranar Litinin, 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɓace daga intanet na kimanin awa shida. Da yawa daga cikinmu mun ɗora laifin a kan kamfanonin waya. Bayanin da kamfanin ya fitar daga baya ya nuna ba harin 'yan kutse ba ne. Ana cikin aikin gyara na yau da kullum ne aka aika wani umarni don auna ƙarfin manyan layukan da ke haɗa cibiyoyin bayanansa, sai umarnin ya datse layukan baki ɗaya. Akwai manhajar da aka tanada don ta tare irin wannan umarni, amma ita ma tana da aibi, ta bar shi ya wuce.

Na tuno da wannan ne saboda yawan ɗaliban da ke tambayata game da miƙa wa manhaja aikin saita na'urorin sadarwa, kamar an sami maganin kowace cuta.

Bari in fayyace wa mai karatu aikin. A kowace babbar ma'aikata akwai na'urorin da ake kira suwic, kowace da kafofi 24 ko 48 inda ake cusa wayoyi. Manyan cikinsu su ke zaɓar hanyar da saƙo zai bi, kuma suna yin haka ne bisa wata ƙa'ida, kamar OSPF. A ƙarƙashinta, na'urori biyu masu maƙwabtaka kan gaisa duk bayan daƙiƙa 10, kuma idan ɗaya ta yi shiru har daƙiƙa 40, sai ɗayar ta ɗauka ta mutu, ta nemi wata hanya. Idan lokacin gaisuwar ya bambanta a ɓangarorin biyu, ko lambar shiyyar da aka sa wa kafa ta saɓa, ba za su taɓa ƙulla maƙwabtaka ba, ko da wayar da ke tsakaninsu lafiya lau take. Duk waɗannan lambobi mutum ne ke rubuta su, kafa bayan kafa, galibi cikin dare lokacin da ma'aikata suka tashi, ido ya yi nauyi.

Saboda haka ba na cikin masu ƙyamar manhajoji irin su Ansible. Injiniya zai rubuta yadda yake son kowace kafa ta kasance a cikin fayil guda, ya jera sunayen na'urori, manhajar ta shiga kowace ta aiwatar. Na'ura ɗari biyu za su fito iri ɗaya cikin mintuna. Amfanin da ya fi burge ni ma ba saurin ba ne. A ma'aikatunmu da yawa, tsarin sadarwa yana cikin kan mutum ɗaya ne. Ranar da ya sami aiki a ƙasar waje, da shi za a tafi. Fayil kuwa yana nan, ana iya karanta shi, a ga wanda ya canza wane layi da ranar da ya canza.

Sai dai manhaja ba ta san daidai ba, ba ta san kuskure ba. Mai rubutu da hannu idan ya ɓata na'ura ɗaya, ƙorafi zai iso shi kafin ya kai ta biyu. Manhaja kuwa za ta raba kuskuren ga na'urori ɗari biyu da irin saurin da take raba daidai. Abin da ya fi muni, hanyar da za a bi a gyara ita ce aka rushe. Haka ya faru da Facebook: kayan aikinsu na cikin gida sun mutu tare da layukan, dole aka tura injiniyoyi da ƙafa zuwa cibiyoyin, inda tsauraran matakan tsaron da suka kafa da kansu suka jinkirta su.

Kada a ce wannan matsalar manya ce a Amurka. A ranar 12 ga Nuwamba, 2018, kamfanin MainOne na Legas ya yi kuskure wajen saita matatar BGP, ƙa'idar da kamfanonin sadarwa ke sanar da juna hanyoyi da ita. Na tsawon minti 74, saƙonni masu yawa da ke neman Google suka karkata ta Rasha da Sin. BGP kan yarda aka gina ta: abin da maƙwabci ya faɗa, idan babu matata, gaskiya ne.

Masu aikin sun san rigakafin. A gwada canji a kan na'urorin kwaikwayo kamar na GNS3. Mutum na biyu ya karanta fayil kafin a aika. A fara da na'ura ɗaya, a jira, sannan goma. Na'urorin Juniper suna da wata dabara da nake so: a aiwatar da canji bisa sharaɗin cewa idan injiniya bai dawo ya tabbatar ba cikin minti 10, na'urar ta koma yadda take da kanta.

Amma mutum na biyun nan, a ina za a same shi? Mu a jami'o'i muna yaye ɗalibai da suka haddace umarni don jarrabawa, waɗanda ba su taɓa zama gaban na'urori biyu da suka ƙi gaisawa suna neman dalili ba. Wanda bai san abin da daƙiƙa 40 ɗin nan ke nufi ba, sa hannu kawai zai yi. GNS3 kyauta ce, tana aiki a kan kwamfutar ɗalibi. A ajina na wannan zangon, kowane ɗalibi zai karɓi fayil ɗin abokinsa da na ɓoye kuskure ɗaya a ciki, kuma makinsa yana kan gano shi kafin a aika.