Jan Kunne a Kan Asirin Majinyaci da Wayar Hannu

Ku sani abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau abu ne da na gani da idona, ba labari aka ba ni ba.

Akwai wani yaro da ya yi karatun allo a zaurena, yanzu kuwa yana makarantar koyon aikin likita. Ya zo gaishe ni lokacin hutu, muna zaune sai ya miƙo mini wayarsa domin in ga irin abin da su ke koyo. Hoton hannun wani mutum ne, an ɗora shi bisa takardar gwajin jini, an rufe sunan da ke kan takardar, amma sunan ciwon yana nan a fili. Na ce masa, wa ya ba ka izinin wannan? Ya ce, "Allah gafarta Malam, ai babu suna, babu fuska." To, ni kuwa da ganin hannun nan na san mai shi, saboda wata alama da ke gare shi, wadda ba zan faɗe ta a nan ba, kada in aikata abin da na ke hani a kansa. Yaron ya ce 'yan ajinsu kaɗai ya aika wa, a zauren WhatsApp. Irin wannan zaure yana iya ɗaukar mutum 1,024, kowane ɗayansu kuwa yana da wasu zaurukan. Wata bai ƙare ba hoton ya iso unguwa, mutanen da ke neman auren 'yar mutumin nan suka ɗauke ƙafa.

Lalle rufe suna ba shi ne rufe asiri ba. A garuruwanmu ana gane mutum da tsagensa, da cindonsa, da zoben hannunsa, ana gane mace da zanenta ko kwanon da aka kawo mata abinci a ciki. Ko babu hoto, in aka ce wata ta haifi tagwaye daren Talata a asibitin gari, ɗaya bai zo da rai ba, rabin gari sun san ko wace ce. Kuma wani lokaci ba a bukatar ko wannan. A shekarar 2022, wasu ma'aikatan jinya a wani asibiti a birnin Atlanta na Amurka suka yi ɗan fim a TikTok suna ba'a ga mata masu naƙuda da danginsu. Ba su ambaci kowa ba, duk da haka suka rasa aikinsu, domin kowace mace da ta haihu a ɗakin nan tana iya cewa da ni a ke.

Wannan amana ba baƙuwa ce gare mu ba. Ungozoma da wanzami da mai wankan gawa suna ganin abin da ba a nuna wa kowa, kuma tun kaka da kakanni abin kunya ne a ji shi daga bakinsu. Likitoci ma suna da nasu alkawari, wanda aka tsara a Janiba a 1948, aka sabunta shi a 2017, a cikinsa likita yana ɗaukar wa kansa tsare asirin majinyaci ko bayan ya mutu. Dokar lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana bayyana labarin ciwon mutum sai da yardarsa a rubuce, ko da umarnin kotu, ko in ɓoyewar za ta cuci jama'a. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ƙara ƙarfafa wannan. Majalisar da ke yi wa likitoci rajista kuwa tana da kotun ladabtarwa, wadda ke iya soke sunan likita. Ɗalibi kada ya ce shi bai kai can ba tukuna, hoton da ya aika yau yana nan yana jiransa ranar da ya zama likita.

Wasu za su ce ai sun tambaya, majinyaci ya ce to. Ina roƙonku ku duba wannan "to" da kyau. Mutum yana kwance, jikinsa a buɗe, ransa a hannun mai farar riga, wataƙila kuɗin magani ma bai cika ba, yaya zai ce a'a? Ya yarda ne a duba shi, bai san ana nufin a kai shi kasuwa ba. In don koyarwa a ke son hoto, akwai hanyarsa: a bayyana masa inda hoton zai je da waɗanda za su gani, a tabbatar masa ƙin yarda ba zai rage masa kulawa ba, ya sa hannu, babban likita yana sane.

Ban ce likitoci su bar waya ba, ina! A watan Agusta na 2014, bayan da cutar Ebola ta shiga Ikko, saƙon ƙarya ya bazu a wayoyi cikin dare cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha, har aka rasa rayuka, wasu aka kwantar da su. Irin wannan wuri ne a ke bukatar muryar likita, da sunansa na gaskiya, ya yi magana a kan ciwo ba a kan mai ciwo ba, kuma kada ya rubuta wa wanda bai duba ba magani.

Mu malamai ma da namu laifin. Sau nawa hoton wanda mota ta buge, ko jaririn da aka haifa da nakasa, ya ke shigowa zaurukanmu an rubuta a taya shi da addu'a, mu kuwa mu tura gaba? Addu'a ba ta bukatar hoto. In ɗalibinku ya nuna muku irin wannan, ku tambaye shi wa ya ba shi izini, kamar yadda ku ke tambayarsa wa ya biya masa karatu.

Yaron nawa ya share hoton a gabana, idonsa ya kawo ƙwalla. Na ce masa na wayarsa kaɗai ya share, sauran sun fi ƙarfinsa, kuma akwai mutumin da ya kamata ya je ya durƙusa a gabansa kafin ya koma makaranta. Wassalam.