Ku Bar Dutsen Safiyo Inda Aka Kafa Shi

Kai da ka saɓa diga ka hau dutsen bayan gari, ka farfasa ginshiƙin simintin da ke ƙololuwarsa, me ka samo? An ce maka Turawa sun binne zinare a ƙarƙashi. Ka haƙa rami har ƙugu, gumi sharkaf, ka sauko da ɗan ƙarfen tagulla wanda ko ɗan jari-bola ba zai ba ka kuɗin kwanon gero a kansa ba.

To ka sani, ɗigon da ke tsakiyar ƙarfen nan shi ne dukiyar, kuma kana ciro shi ta salwanta. Safiyoyin zamanin mulkin mallaka kan irin waɗannan duwatsu suke tsayawa su hango na gaba, su auna kusurwa, wannan ya riƙe wancan, har lissafi ya koma ga turke guda kusa da Minna da ake kira L40. Lambobin da ke kan tsofaffin taswirorin Najeriya da takardun filaye da yawa can asalinsu yake. Ka tumɓuke ɗaya, sai wanda ya zo awo ya yi ta lalube.

Ba kai kaɗai ba ne. Akwai mai katafila da ke share hanya ya haɗa da alamar ya tura kwalbati, ko waiwaye babu. Wanda ya fi ba ni haushi kuwa shi ne mai gini, alhaji guda da carbinsa, da zai bari sai dare ya raba ya sa yara su matsar da dutsen shaida taku biyu cikin filin marayu, da safe a zuba harsashin katanga. Doka ta hana, addini ya hana, shi ma ya sani, shi ya sa bai yi da rana ba.

Kada kowa ya ce mini ai yanzu akwai GPS a waya. Wayar hannunka tana iya kuskure da mita 5, alhali faɗin fuloti ƙafa 50 ne, wajen mita 15. Sulusin gidan maƙwabcinka ke nan. Ko babbar na'urar safiyo sai an gwada ta a kan sananniyar alama kafin a amince da ita.

Ranar da ɗan'uwanka ya ce mangwaron can a gonarsa yake, alƙali zai aiko a duba dutsen da ka fasa.