NADIYA: SUNAN GIDA KO KAYAN ARO?

Ranar wata Asabar da asuba aka gayyace mu zanen suna a Yantala, can gangaren da ke kallon kogin Kwara da lambunansa. An shimfiɗa tabarmi, an raba goro da dabino, liman ya yi addu'a, sannan maroƙi ya miƙe ya shelanta cewa yarinya ta ci suna Nadiya. Wani dattijo da ke gefena, tsohon ɗan kasuwa da ya yi shekaru yana sayar da atamfa a Babbar Kasuwar Yamai, ya karkato ya ce mini: "Ɗana, wannan kuma matar wane sahabi ce?" Na ce: "Baba, ba ta cikinsu." Ya girgiza kai ya ce: "To, Allah ya raya." Daga baya, a bakin titi, gardama ta tashi. Wasu suka ce sunan Nasara ne, wasu suka ce na Larabawa ne tsantsa, wani ma'aikacin gwamnati kuma ya ce lokaci ya yi da hukuma za ta sa ido bisa sunayen da ake laƙa wa 'ya'yanmu. Wannan magana ta ƙarshe ita ta sa na ɗauki alƙalami.

Mu fara da asali, domin duka ɓangarorin biyu suna da rabon gaskiya. Nadiya suna ne mai uwa biyu. A harshen Larabci akwai kalmar "nada", wato raɓar safiya, wadda Larabawa ke kwatanta kyauta da sakin hannu da ita. Daga nan aka sami Nadiyya, mai laushin raɓa, mai kyauta. Akwai kuma wata kalma makusanciya mai nufin kira, wadda ta ba da ma'anar "mai kira". A can ƙasar Rasha kuwa, Nadiya gajarta sunan Nadezda ce, ma'anarsa fata ko sa rai ga alheri. Matar Lenin ma sunanta ke nan. Sunayen biyu ba su haɗa kaka ba, amma sun haɗu a kunne, kamar baƙi biyu da suka sauka gida ɗaya har aka ɗauka 'yan'uwa ne.

Ta hanyar Rasha sunan ya shiga Faransa tun da daɗewa. Mashahuriyar malamar kiɗa Nadia Boulanger, wadda aka haifa a Paris a 1887, uwarta 'yar Rasha ce. Amma abin da ya watsa shi duniya ya faru ne a 1976, a wasannin Olamfik na birnin Montreal a Kanada, inda wata yarinya 'yar Romaniya mai shekara 14, Nadia Comaneci, ta sami maki 10 cif a wasan tsalle-tsalle da juyi, abin da ba a taɓa ba kowa ba a wannan wasa a Olamfik. Allon lissafi ma bai san yadda zai nuna shi ba, sai ya rubuta 1.00. Abin ban dariya, Nijar ba ta halarci wasannin ba, don tana cikin ƙasashen Afirka da suka ƙaurace musu saboda 'yan wasan Niyu Zilan sun kai ziyara Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata. Mun ƙi zuwa Montreal, amma sunan ya biyo mu har gida.

Ta hanyar Larabawa kuma, sunan ya daɗe yana yawo a Masar da Aljeriya da Maroko. Masu kallon sinima na da za su tuna Nadiya Lutfi, tauraruwar finafinan Masar wadda ta rasu a 2020. Ɗalibanmu da suka yi karatu a Alƙahira da Aljaza'ir da Rabat, da waɗanda aka aika Mosko, duk sun dawo da digiri, wasu da mata, kusan kowa da sunaye. Shi ya sa sunan ya fara zama a gidajen ma'aikata kafin ya sauka gidajen 'yan kasuwa. Ya yi wa ɗan boko daɗi don yana da sauƙin rubutu da faɗi a Faransanci, ya kuma yi wa alhaji daɗi don yana da ƙamshin Larabci. Har yanzu dai bai kama ƙafar Hadiza da Mariyama da Fati da Ramatu ba, kuma wannan ƙarancin ne ma ke jan hankalin iyaye: kowa na son a kira ɗiyarsa a farfajiyar lakwal ta waiwayo ita kaɗai.

Yanzu mu koma bisa batun hukuma. Muna cikin zamanin sake sunaye. A watan Oktoba na 2024 titin Janar de Gaulle na Yamai ya koma titin Djibo Bakary, cibiyar al'adu mai sunan Jean Rouch ta koma ta Moustapha Alassane. A 2025 dokar sake gina ƙasa ta ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. Titi da gini na jama'a ne, hukuma na da hurumin raɗa musu suna. Amma ɗiyar mutum ba titi ba ce. Afirka ta riga ta gwada wannan hanya. A 1972 Mobutu ya tilasta wa mutanen Zayar yar da sunayensu na Turawa, shi kansa ya bar Joseph-Désiré. A 1973 Tombalbaye na Cadi ya bi sawu, ya bar François ya koma Ngarta. A 1974 Eyadema na Togo ya ajiye Étienne. Sunaye sun sake, amma baitulmali bai daina yoyo ba, gidajen kaso kuma ba su rage cika ba. Duk gwamnatin da ta fara da zaɓa wa talaka sunan ɗansa, da sannu za ta zaɓa masa abin da zai faɗa. Matan da suka fito zanga-zanga a Yamai ranar 13 ga Mayu 1991, suna neman a ba su wuri a shirin Taron Ƙasa, ba su yi haka don wani jami'i ya riƙe jerin sunayen da aka halatta wa jikokinsu ba.

Wannan ba ya nufin iyaye su ɗauko suna kamar yadda ake ɗauko takalmi a Wadata. Hausawa sun ce suna linzami ne. Addini ma ya ɗora wa uba nauyin zaɓa wa ɗa suna mai kyau. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya sake wa wata suna daga Asiya mai nufin mai saɓo zuwa Jamila, alhali Asiya matar Fir'auna suna ne mai daraja. Bambancinsu yana ga haruffan Larabci, waɗanda kunnen Bahaushe da na Bazabarme ba su cika rabewa ba. Ashe ke nan tambayar da ta kamata ita ce: ka san abin da sunan yake nufi? Idan uba zai iya gaya wa ɗiyarsa cewa sunanta raɓa ce da kyauta, ko kuwa fata ne, ya sauke nauyi. Wanda ya tsinto suna daga talabijin bai san ma'anarsa ba, shi ne mai kayan aro, kuma kayan aro ba ya rufe katara.

Akwai wani abu da masu gardamar Yantala suka manta. Da yawa daga cikin 'yan matan da ake kira Nadiya, sunansu na yanka Hawwa ne ko A'ishatu. An mayar da sunan kaka, uwa da uba kuma ba su iya kiransa saboda kunya, sai a nemi na rufi. Da can wannan gurbi namu ne. Ana cewa Uwani, Nana, Iya ko Indo. Wadda aka haifa Lahadi ita ce Ladi, ta Talata Talatu, ta Juma'a Jummai, ta Asabar Asabe, ta watan azumi Azumi. Wadda ta zo bayan maza Delu ce ko Kande. Kowane laƙabi takardar haihuwa ce ƙarama: yana faɗin rana, da wata, da matsayin yarinya cikin ɗakin uwarta. Nadiya ba ta kori Hadiza ba. Talatu da Delu ta kora, kuma mu ne muka buɗe mata ƙofa ranar da muka fara ganin sunayen nan na ƙauyanci ne. Mai kishin al'ada na gaske, maimakon ya nemi doka, sai ya kira ɗiyarsa Asabe a gaban abokan aikinsa ba tare da sunkuyar da kai ba.

Inda hukuma take da aiki na gaskiya shi ne rubutu. Na san wata ɗiyar 'yar'uwata da ta tashi da suna uku. A gidan haihuwa an rubuta Nadia. A rajistar lakwal mushe ya rubuta Nadiatou, don ya saba da Ramatou da Aïchatou. A takardar haihuwa kuwa sunan yanka ne, Haoua. Ba wanda ya damu sai da lokacin ajiye takardun jarrabawar BEPC ya zo, aka ce waɗannan mutum uku ne. Uban ya rufe shagonsa kwanaki yana zarya tsakanin ofisoshi da kotu, yana biyan kan sarki, yana neman shaidu, yarinya kuwa tana kuka maimakon bitar karatu. Dokar 2019 ta rajistar haihuwa ta ba iyaye kwana 60 su bayyana haihuwa. Wa'adin ya isa a yanka rago, a tsayar da suna, a kai shi ofis da rubutu guda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Don haka ga kiranmu. Ga iyaye, musamman 'yan kasuwa da ba su da lokacin zaman ofis: ku zaɓi suna kun san ma'anarsa, ku tsayar da rubutu ɗaya, ku karanta takardar kafin ku bar gaban magatakarda, ku kuma tabbata abin da ke cikinta shi aka kwafa a lakwal. Ga ma'aikatan meri da malaman makaranta: ku rubuta abin da uba ya faɗa, ba abin da hannunku ya saba ba, kuma tunda Hausa ta zama harshen ƙasa, lokaci ya yi da za a daidaita yadda ake rubuta sunayenmu. Ga masu neman a kafa dokar hana sunaye kuwa: ku bar wa liman da uba da kaka abinsu.

Ita kuma jaririyar Yantala, Allah ya raya ta, ya sa ta zama raɓa ga iyayenta, fata ga ƙasarta. An haife ta ranar Asabar. In kakarta ta kira ta Asabe, kada kowa ya hana.